Kafaɗar Kakata

Irin labarin da nake so shi ne wanda zan fara a bakin titinmu na Dutsen Kura, in gama shi kafin keke ya sauke ni a ƙofar makaranta. Gajere, na soyayya, kuma na zamanin da, lokacin fatake da jakuna ko lokacin da jirgin ƙasa yake sabon abu. A waya nake karanta su, a wani zauren masu karatu da wata 'yar ajinmu ta saka ni a shekarata ta farko. Zauren cike yake da dogayen littattafai masu kashi-kashi waɗanda ake shafe watanni ana bi, amma jefi-jefi wata takan jefo ɗan gajere, bai cika samun masu yabo ba, sai ya nutse a ƙarƙashin gaishe-gaishe da tallan atamfa. Waɗannan nake tonowa in adana.

Na karanta na wani marini da hannuwansa suka rine da baba, har yana ɓoye su a cikin riga idan yarinyar da yake so ta zo wucewa, ita kuwa ashe da hannuwan take gane shi a cikin kasuwa. Na karanta na wata mai zanzana a fuska, marowaciya, da wani ɗan fatake matsoraci wanda ko karen gidansu ba ya iya wucewa. Babu wanda aka warkar a ƙarshe. Zanzanar tana nan, tsoron yana nan, rowar ma ba ta ragu sosai ba, amma sun zauna tare, kuma mai karatu ya yarda sun zauna ɗin. Gajartar ma tana da amfaninta. Marubuciya ba ta da filin da za ta kawo hatsarin mota da boka da dukiyar gado da ta ɓace, dole ta tsaya a kan abu ɗaya ƙarami, kamar wani ya ajiye wa wata ruwa a inuwa. Zamanin da kuma yana ƙwace waya da mota daga hannun mutane, ya bar su da ƙafa da ido da kunya.

Dogayen kuwa tun ina sakandare na gaji da su. Namijin kullum dogo ne, fari, hancinsa har baka, yana da kamfani a ƙasar waje kuma ba ya dariya. Macen gashinta har gadon baya, idanunta dara-dara, ko kuka ta yi kyau take ƙarawa. Ni gajera ce, baƙa, da tabarau mai kauri tun ina firamare, kuma idan aka yi mini magana ba zato sai muryata ta maƙale. Ban taɓa neman a sa ni a littafi ba. Amma na lura idan na gama ɗaya daga cikin dogayen nan na tashi na gifta madubi, sai in ji kamar an yi biki a unguwa ba a gayyaci gidanmu ba. Gajerun ba sa bar mini wannan.

Kakata ta wajen uwa tana zaune a Kpakungu, a gidan kawuna. 'Yar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, haifaffiyar wani ƙauye a gefen Kuta, amma tun tana ƙarama aka kawo ta wurin gwaggonta a bayan garin Minna. Matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya. A wurinsu kai yana da darajar da ba a aza masa itace ko doya, tunda da shi mutum yake tunani. Kaka ta ɗauki kaya a kafaɗar hagu tun kafin ta yi wayo har ta gama haihuwa, shi ya sa har yau kafaɗar ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta, fatar wurin ta yi baƙi ta yi tauri kamar bayan ƙwarya. Idan ta sa riga sai wuyan ya zame gefe guda, babu telan da bai gwada gyarawa ya gaji ba. Ba ta taɓa ɓoye ta ba. Da ɗaurin ƙirji take wuni a tsakar gida, mu ma da muke yara mukan lallaɓo mu danna wurin da yatsa mu ga ko za ta ji, ta kawo mana duka da muciya.

Kakana ban san shi sosai ba, ina ƙarama ya rasu. Aikin layin dogo ne ya kawo mahaifinsa Minna, shi kuma ya tashi yana liƙe butoci da fitilu da dalma a wata rumfa kusa da tashar jirgi. Yana da in'ina mai tsanani, irin wadda kafin ya fitar da kalma sai ya rufe ido ya buga ƙafa. Ga shi da saurin fushi, fushin kuma yana ƙara ɗaure masa harshe. Kaka kuwa bakinta ba ya mutuwa. Ita da bakinta take cewa a ƙuruciyarta babu mai sayar da doya a tasha da ba ta yi faɗa da ita ba.

Ba a zama ɗaya ta ba ni labarin haɗuwarsu ba. Gutsure-gutsure na tattara shi, yawanci tana ferar doya ina wanke mata. Ƙwaryar da take ɗauko doya da ita ce ta fashe, gwaggonta ta ara mata wani sabon daron ƙarfe da take ji da shi. Daron kuwa don kai aka ƙera shi, gefen gindinsa yana da kaifi, kullum sai ya yanke ta a kafaɗa, har wurin ya zama gyambo. Rumfar kakana tana kallon inda take sauke kaya. Wata rana ta juye doyarta a ƙasa tana ciniki da fasinjoji ta tagar jirgi, ta waiwayo babu daro. Can ta hango shi a rumfar mai liƙi, ya kifa shi a kan guntun ƙarfen dogo yana dukan gindinsa da guduma. Ta kwarma ihu ta tara masa jama'a. Ta kira shi ɓarawo, ta kira shi mahaukaci, shi kuwa yana tsaye ya rufe ido yana buga ƙafa, kalma ɗaya ta ƙi fita. Da ƙyar maƙwabtan rumfarsa suka hana a taɓa shi. Ta fizge daronta, ga shi an lotsa gefe guda, ta koma gida gwaggo ta ƙara mata da nata faɗan. Washegari da aka aza mata kaya, sai daron ya zauna a kafaɗarta kamar an auna. Lotsawar ta faɗa daidai kan ƙashin, kaifin ya daina taɓa gyambon. Ashe kwana da kwanaki yana daga rumfa yana kallon yadda take karkata.

Ba ta ba shi haƙuri ba, har ya koma ga Allah ba ta ba shi ba. Ta dai riƙa ajiye doya ɗaya a bakin rumfarsa idan za ta wuce, ba ta ko kallonsa. Shi ma bai taɓa yi mata godiya ba, don kafin ya kai ƙarshen kalmar ta yi nisa.

A hutun ƙarshen aji biyu na zauna na rubuta shi. Shafuka kaɗan ne, amma sun cinye mini hutun. Na tambayi Kaka irin zanen da ake ɗaurawa a lokacin da sunayen kuɗin da ake ciniki da su. Na je tsohuwar tasha na tsaya na ga ta inda rana take bugowa da hantsi, don kada in sa inuwa inda babu ita. Na roƙi Kaka ta jawo daron daga ƙarƙashin gadonta, domin yana nan, ya yi tsatsa, na sa tafin hannuna a cikin lotsawar. In'inar kakana ce ta fi ba ni wuya. Ba na so mai karatu ya yi masa dariya, kuma ba na so in rage ta.

Mai zauren namu wata mata ce da kowa yake kira Anti, tana da shagon turaren wuta da humra a babban titin unguwarmu. Tana da murya mai daɗi, wannan ba zan hana ta ba. Al'adar zauren ita ce sabuwar marubuciya ba ta saka labari da hannunta. Sai ta tura wa Anti ta duba, idan ya yi mata ta karanta shi da muryarta a bayan shago ta saki, saboda yawancin matan zauren sun fi son su saurara suna aiki. Kaka ba ta karatu, don haka wannan ya yi mini daidai. Na tura. Ta amsa da saƙon murya tana ta sa mini albarka, ta ce labarin ya taɓa ta, za ta ɗan shafa masa mai kawai ta sake shi ranar Asabar. Na ɗauka waƙafi da aya take nufi. Na ce to, na gode, Anti.

Na gaya wa Kaka cewa ranar Asabar za ta ji labarinta a waya. Ta ce ƙarya nake, wa ya san ta. Amma Mama ta ce tun ranar Alhamis Kaka ta sa aka yi mata kitso.

Ranar sai aka sa mana laccar cike gurbi, ban iso Kpakungu ba sai bayan la'asar. Mama ma tana cikin zauren karatun, ta riga ni zuwa, ta aro 'yar lasifika a maƙwabta, kuma da saƙon ya shigo ba su iya jira ba. Na tarar da tsakar gidan cike da mata a kan tabarmi. Kaka ta gayyato maƙwabta, har da wata tsohuwa ƙawarta 'yar garinsu da suka yi tallan doya tare. Tana zaune a tsakiya a kan kujera 'yar tsugunne, da sabon zane da sarƙarta ta fita unguwa, mayafi a cinya.

Tun daga ƙofa na ji muryar Anti tana siffanta wata yarinya fara sol, gashinta ya sauko har ƙugu, tana tafe tana rangwaɗa da tiren lemo a kanta, a kan gammon alharini. Na tsaya, na ɗauka wani labarin suka kunna kafin nawa. Sai na ji an kira yarinyar da sunan Kaka. Saurayin ɗan babban akawun tasha ne, ya dawo daga karatu a Turai, yana da farar mota, maganarsa kuma tana zuba kamar ruwa. Ya buge mata tire da ƙofar mota, lemo ya watse, suka haɗa ido, zuciyarta ta buga. Babu rumfa, babu guduma, babu doya. Daga abin da na rubuta, tasha da sunaye biyu ne kaɗai suka tsira. Daga baya Mama ta gaya mini a farko Anti ta ambaci cikakken sunana, ta ce ni na rubuta, kuma labarin kakata ne na gaskiya.

Na ga matan suna satar kallon kafaɗar Kaka suna sauke ido. Ƙawar tata ta faɗi wani abu da yarensu ta yi dariya, sannan ta juya Hausa don kowa ya ji, ta tambaye ta yaushe ta fara ɗauka a ka ba su sani ba, ko da dare take fita da tiren. Aka yi dariya. Kaka ma ta yi. Da Anti ta rufe da cewa wannan kashi na ɗaya ne, Kaka ta ɗauki mayafin cinyarta ta yafa, ta ja shi sosai ta gefen hagu, sannan ta ɗago ta gan ni a bakin ƙofa.

"Ido huɗu, kin kyauta," in ji ta. "Gara da kika gyara ni. Wa zai zauna ya saurari mai karkatacciyar kafaɗa?"

Da gatse ta yi da na ji sauƙi, na san gatsen Kaka. Wannan har zuciyarta ta faɗa. Ta ɗauka ni na zauna na dube ta, na ga ba ta isa shiga labari ba, na nemo wata na sa mata sunanta. Na buɗe baki, mata sun fi goma suna kallona, abin da ya fito kawai shi ne "ba haka". Wata ta soma tambayar yaushe za a saki kashi na biyu, maganar ta bi ta kaina ta wuce.

A keke muna komawa gida Mama ta ce me na ɗaure fuska a kai, ai labari ne, kuma ga shi an ambaci sunana duniya ta ji. Ban taɓa jin irin wannan fushin ba, kuma ban san inda ake ajiye shi ba. Da Anti ta ce labarin bai yi mata ba ta dawo mini da shi, da na ji zafi kwana biyu na haƙura. Ita kuwa ta karɓa, ta sa albarka, ta shiga bayan shago ta sauke kayan daga kafaɗar Kaka ta aza mata a ka, abin da babu wata mace a danginta da ta taɓa yarda da shi, ta kuma yi shi da sunana. Duk labarin a kan kafaɗar nan yake tsaye. Mace mai kaya a ka ba ta da gyambon da wani zai lura da shi daga rumfa. Namiji mai zuba magana ba ya buƙatar guduma.

Ranar Litinin na je shagon. Na tsara abin da zan faɗa tun a gida, na maimaita shi a hanya. Na tarar da ita da wata mai saye suna shinshina kwalabe.

"Ga marubuciyarmu," in ji Anti, ta ce wa matar ai ni ce mai labarin tasha da ake ta magana. Ta ce wayarta ba ta huta ba tun Asabar, har daga wasu garuruwa ana neman ci gaba, ta riga ta tsara kashi da yawa a gaba, in zauna ta gaya mini abin da zai faru da su.

Duk abin da na tsara ya gudu. Na ce, "Anti, ina daron?"

"Wane daro?"

Ba wasa take ba, ta manta da shi. Sai da na tuna mata, sannan ta tafa hannu ta yi dariya.

"Haba ƙanwata. Matan da suke saurarena wanke-wanke suke yi, daro yana gabansu tun safe. Kina so in ƙara zuba musu wani daron a kunne? Mutum ya wuni cikin wahala, ya kunna waya don ya huta, ya tarar da mai gyambo da mai tsatsa?"

Mai sayen ta ce wallahi gaskiya ne, ita idan namijin ba shi da mota ba ta wuce kashi na ɗaya. Anti ta ci gaba da cewa batun mai in'inar kuma, ai ita ce mai karantawa, ko so nake ta zauna tana rufe ido tana buga ƙafa a bayan shago a ɗauka aljanu ne suka taso mata. Gajeren labari kuma ba ya riƙe mutane, yau ka saki gobe an manta. Ni 'yar boko ce, in ji ta, na iya rubutu, amma ita ta san masu ji. Duk wannan na tsaya na shanye, wani ma na ga inda ta dosa. Sannan ta rage murya kamar mai yi mini alheri.

"Kuma Bagwariya da kaya a wuya, a karkace, ai sai a ce ba'a muke yi musu. Rufa mata asiri na yi, ke ma wata rana za ki gode mini."

Na ji fuskata ta ɗauki zafi har tabarau ɗina ya yi hazo. Muryata ta fito siririya, tana rawa, amma ta fito. Na ce kakata ce, kuma babu wani asiri a kafaɗarta, shekara da shekaru a buɗe take, sai ranar Asabar ta rufe ta. Na ce ta cire labarin.

Ta ce cirewa kuma ai ta wuce, ya riga ya shiga zauruka da yawa, ko ita ba ta san iyakarsa ba. Abin da za ta iya shi ne ta daina ambaton sunana daga kashi na biyu, tunda abin ya zama haka, amma sunayen taurarin ba za su canzu ba, masu sauraro sun saba da su. Ta ce yaran yanzu ba a yi musu gwaninta. Da zan fita ta kamo gefen hijabina ta dangwala mini humra, ta ce in shaƙa in huce. Ina isa gida na jiƙa hijabin a bokiti. Da yamma na duba waya na ga an cire ni daga zauren, na kuma rasa duk gajerun labaran da ban kai ga adanawa ba.

Na yi makonni ban je Kpakungu ba. Na ce wa Mama karatu ne ya yi yawa. Gaskiyar ita ce duk lokacin da na tuna yadda Kaka ta ja mayafin nan sai in ji ba zan iya haɗa ido da ita ba, kuma na san idan na je bayani bakina zai sake mutuwa. Wata safiya a keke wata mata kusa da ni ta kunna wayarta, sai ga muryar Anti. An kai inda aka sace yarinyar an ɓoye ta a wani gidan sama, tana kuka da sunan kakata, gashinta ya bazu a kan matashi. Matar tana ta cewa Allah sarki. Na sauka tun ban kai makaranta ba na ƙarasa a ƙafa.

A makon ne Mama ta dawo daga gidan Kawu ta zauna a bakin gado. Ta ce tsohuwar nan wani abu yana damunta. Duk zafin da ake yi, da mayafi take wuni a tsakar gida, da shi take shara, da shi take ferar doya, har ta sa an ɗinka mata riga mai soso a kafaɗa ɗaya. Mama ta dube ni, wannan karon ba ta ce ai labari ne ba.

Washegari da hantsi na je, lokacin da na san maza sun fita gidan ba kowa. Na tarar da ita a gindin mangwaro da doya a gabanta, mayafin a naɗe har wuya, gumi yana bin ta. Muka gaisa, ta tsokane ni cewa marubuta sun yi girma ba a ganinsu. Ban yi bayanin komai ba, na san ba zan kai ƙarshensa ba. Na zauna a kan turmi a bayanta na buɗe waya na soma karanta abin da na rubuta tun farko.

Ta ci gaba da fira kamar ba ta ji. Can ta ce in ɗaga murya, ko sauro ya fi ni amo. Na ɗaga. Na karanta fashewar ƙwarya da sabon daro da gyambon. Wuƙar ta tsaya. Da na kai inda ta tara masa jama'a tana kiransa ɓarawo, sai kafaɗunta suka soma girgiza, ta ce na rage, abin da ta kira shi ya fi haka muni, amma ba za ta faɗa wa jika ba. Ta juyo ta dube ni da kyau.

"Wannan ke kika rubuta?"

Na ce ni ce.

"Wancan fa, mai lemo?"

Na ce ba ni ba ce, wata ce ta canza shi ban sani ba.

Ta ajiye wuƙar hannunta. Sannan ta ce in tsaya nan kada in ƙara kalma ɗaya. Ta miƙe ta leƙa ta kan katanga tana ƙwala wa maƙwabta kira ɗaya bayan ɗaya, ta aika a kira mata ƙawar nan tata. Na ce Kaka don Allah, ni ba na iya karatu a gaban mutane. Ta ce da aka yi mata ƙarya ai a gaban mutane aka yi, don haka in gyara zama.

Suka taru, wasu da hannu duk kumfa. Na faro daga farko. Muryata ta yi ta rawa, na yi tuntuɓe a wurare da yawa, a kan maganar kakana kuwa sai da na tsaya na sake farowa, babu wadda ta yi dariya. Ina cikin karatu Kaka ta shiga ɗaki, muka ji tana jan abu a ƙarƙashin gado. Ta fito da daron, ta warware mayafin ta jefa shi kan igiyar shanya, ta ɗaga daron ta aza a kafaɗar hagu. Ya zauna daram. Ta zagaya da shi tsakar gida a karkace, tana cewa kowa ta zo ta sa hannu ta ji inda ya buga. Ƙawarta ta ce ta tuna ranar, ita ma tana cikin masu ihun ɓarawo.

Da na kai wurin doyar da take ajiye masa, Kaka ta katse ni ta ce a nan na yi mata kara da yawa. Ba mai kyau take ba shi ba da farko, wadda ta karye ce da ba za ta sayu ba, don ba ta gama yarda da shi ba tukuna. Sai da aka yi nisa ya fara samun lafiyayya. Ta ce in gyara wurin. Na ce zan gyara.

Na karanta layin ƙarshe na kashe waya. Wata matashiya daga cikin maƙwabtan ta jira kaɗan, sannan ta ce shi ke nan? Babu kashi na biyu?

"Shi ke nan mana," in ji Kaka. "Ya lotsa daro, na aure shi. Sauran ai zama ne."

Ban huce ba, kuma ba na jin zan huce nan kusa. Labarin Anti yana nan yana yawo a wayoyin mutanen da ba za su taɓa zuwa Kpakungu ba, da sunan kakata a bakin wata mai gammon alharini, nawa kuwa matan tsakar gida ɗaya ne suka ji shi. Har yau ta ɗaya gefen titi nake wuce shagon turaren.

Da zan tafi ranar, Kaka ta koma gindin mangwaro da ɗaurin ƙirji, ta zuba ferarriyar doyar a cikin tsohon daron duk da tsatsarsa. Na ce mata ta manta mayafinta a kan igiya. Ta ce in bar shi nan, zafi ake yi.